Tarihin ƙungiyar matan ƙauyenmu: daga ranar takarda za a fara ko daga zamanin kakanni?

Yar_Pitoa:
Assalamu alaikum mutanen gida. Dan Allah waɗanda suka san abin da ya wuce ku taimaka min. Iyayenmu mata na ƙauye, can gefen Pitoa a Arewacin Kamaru, sun ɗora min aikin rubuta tarihin ƙungiyarsu tunda ni ce na yi lakwal, wato boko, mai nisa a cikin 'ya'yansu, suna so a karanta ranar da tsofaffin shugabanni za su miƙa wa sababbi. To takardar da ke hannun sakatariya ta rajistar GIC ce, wato ƙungiyar haɗin gwiwa da hukuma ta sani, wadda aka yi bayan dokar 1992, ta ce daga nan zan fara don nan ne ake da hujja. Gwaggona kuma ta ce wallahi in na fara daga nan na ci amanar matattu, ita da idonta ta ga uwarta tana aika zubi tun Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, yana kan mulki, kuma matan gidajen nan ne dai, ba wasu ba. Ni zuciyata tana wajen Gwaggo amma ina so in ji yadda abin yake a sauran garuruwa. Ƙungiyar mata ta ƙauye yaushe ake cewa ta fara?

Baban_Walid:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki bi maganar sakatariya. Kafin dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ba ka isa ka tara mutane ka ce ƙungiya ce ba sai da izinin hukuma, zamanin jam'iyya ɗaya ne, taron mata da gwamnati ta sani shi ne reshen mata na jam'iyyar UNC mai mulki, daga baya na RDPC da ta gaje ta a 1985. Sai dokar Agustan 1992 ta kawo GIC, mutum biyar kacal sun isa su yi rajista. Abin da ake yi kafin nan adashi ne da zumunci, ba shugaba ba sakatare ba doka a rubuce. Tarihi da hujja ake yinsa.

Hajiyar_Marwa:
Baban Walid, Allah ya ba ka haƙuri amma ba ka taɓa zama a tsakar gida ka ga yadda ake yi ba shi ya sa. Wa ya ce maka ba shugaba? Uwar adashi fa? Wa ya ce ba doka? Mace ta yi fashin zubi sau biyu ba uzuri ka ga ko za a sake sa ta. Ta ƙi zuwa dakan bikin 'yar wata ka ga ko turmi ɗaya zai shiga gidanta ranar nata. Dokar tana nan, a kai take ba a kaye ba, wato ba a littafin rubutu ba. Mu da muka taso, in za a yi aure a unguwa kwana uku kafin ranar mata ke haɗuwa, kowacce da taɓaryarta, a jera turame a surfa a daka, 'yan mata suna jan ruwa, tsofaffi suna tankaɗe. Uwar amarya tana zaune ƙawarta ta amana tana gefenta tana lura da abin da kowa ta kawo, wance kwano biyu na gero, wance sabulu sanda ɗaya, wance dala ashirin, kuma ba za ta manta ba ko bayan shekara goma, ranar bikin waccan sai an mayar mata har da ɗori. In wannan ba ƙungiya ba ce to mene ne.

Baban_Walid:
Hajiya ban raina ba wlh, uwata ma ta yi. Cewa na yi a bambanta al'ada da ƙungiya. Biki da gudummawa ko'ina a ƙasar Hausa ana yi, ba na ƙauyensu kaɗai ba ne.

Mai_Kuli_Garwa:
Ni zan ba da nawa don sana'ar da ta riƙe adashin ƙauyukan nan ita nake yi har gobe. Yar Pitoa ki tambayi Gwaggonki wace rana suke zubi a da, na tabbata za ta ce miki Lahadi da yamma ko Litinin da safe, saboda kasuwar Pitoa Lahadi take ci. Alhamis ake auno gyaɗa, a soya a kasko da yashi, a murje a fece ɓawon, a da dakawa ake yi a turmi kafin inji ya zo, sai a zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan ana tuƙawa har hannu ya mutu mai ya taso sama, a kwashe a kwalabe, tunkuzar a mulmula a soya ƙuli da man da ya fita daga jikinta. Yarinya ta ɗauka a kai ta tafi kasuwa, ta dawo da la'asar, uwa ta ware kuɗin gyaɗar wani satin, ta ware na cefane, abin da ya rage shi ne zubi. Kin ga ke nan matan da ke cikin adashin ba haka kawai suka haɗu ba, masu mai ne da masu daddawa da masu ƙosai, sun san cinikin juna, sun san wadda za ta iya dala hamsin da wadda ba za ta wuce ashirin ba. Ki fara tarihinki daga kaskon suyar gyaɗa ni dai shawarata ke nan.

Yar_Pitoa:
Adda Mai Ƙuli kamar kina wurin, Litinin da safe ta ce min. Kuma ta ce su matan ba sa ma haɗuwa a lokacin, yara ake aikawa.

Ummu_Hafsa:
Eh mana ai kulle ne. Wannan shi ne abin da yaran yanzu ba su gane ba, kakanninmu sun yi shekaru suna adashi tare wata ba ta taɓa shiga ɗakin wata ba sai ranar suna ko rasuwa da dare. Yarinya 'yar shekara bakwai takwas ita ce ƙafar uwarta, a ƙulle mata kuɗi a bakin zane a ce kai wa Inna ki ce na gaishe ta. Uwar adashi kuma yawanci tsohuwa ce ko bazawara wadda ke fita, ko ungozoma, don ita ke shiga kowane gida. Tamu a bangon ɗakinta take zana layi da gawayi, kowace mace da nata wurin, kuɗin kuma a cikin langa ta ƙasa a jeren kwanukan da ke bayan gado. Zama a tabarma a yi taro ido da ido daga baya ya zo, mu a wajenmu sai da aka buɗe islamiyyar matan aure maza suka saba da ganin mata suna fita da rana.

Dan_Gidar_77:
Amma a faɗi gaskiya yaran nan da ake aika da talla su ne ba su yi lakwal ba. Yayyina mata uku ba wadda ta shiga aji. Kayan ɗakinsu da tallarsu aka saya. Ki sa wannan ma a tarihin kar a yi ta yabo kawai.

Ummu_Hafsa:
Gaskiya ne Dan Gidar, ni ma ina cikinsu, sai da na yi aure na koyi karatu. Amma wannan adashin dai shi ya biya wa ƙannena maza kuɗin makaranta, daga baya kuma shi ya biya wa 'ya'yana mata. Duka biyun ki rubuta.

Kaka_ta_ce:
Ni jikarta ce nake rubuta mata, na karanta mata abin da kuka ce ta ce in gaya wa 'yar Pitoa haka. Ta ce adashi daban, asusun taimako daban, kuma a ƙauyensu na biyun yunwa ce ta haife shi, ta shekarar 1984 zuwa 85 da damina ta ƙi. Ta ce a shekarar adashi ya tsaya cak don ba mai abin zubawa, gyaɗa ba ta yi ba balle mai. Ga shi Najeriya ta canja kuɗinta a watan Afrilun 84 ta rufe iyaka, matan da suka ɓoye naira a tukunya saboda sayen kwanuka da atamfa daga Mubi da Yola suka wayi gari da takardun banza. Sai matan suka koma zuba hatsi, kowace in za ta ɗora tukunya ta ɗebi tafi ɗaya ta ajiye gefe, ranar Juma'a a tara a gidan uwar adashi, a duba gidan da hayaƙi bai tashi ba a kai da dare yadda maigidan ba zai ji kunya ba. Ta ce da abinci ya dawo ba su bar abin ba, sai suka mai da shi dala biyar biyar na rashin lafiya da mutuwa. Ta ce in ana neman ranar da suka zama abu ɗaya to a nemi shekarar nan.

Hajiyar_Marwa:
Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, ki gaishe min ita. Tafin hatsin nan mu ma mun yi. Baban Walid kana ji ko.

Baban_Walid:
Ina ji Hajiya. Wannan kam ya fi kama da ƙungiya tunda akwai asusu na kowa da kowa. Amma kun ga ke nan ko ku ba ku haɗu kan lokaci ɗaya ba, wata ta ce zamanin Ahidjo wata ta ce 84.

Bint_Njamena:
Salam daga ƙetaren kogi. Mu namu a gudun hijira ya fara. Lokacin yaƙin Njamena na 1980 iyayenmu suka tsallaka daga Cadi zuwa Kusiri ta Kamaru a kwalekwale, lokacin ba a yi gadar Ngeli ba tukuna. Mamata ta ce a can suka haɗu da matan da ba su taɓa sani ba, Hausawa da Barebari da Larabawa Shuwa, suka riƙa haɗa 'yan kuɗi suna ba mutum ɗaya ta sayi fulawa da mai ta soya fanke, in ta tsaya da ƙafarta a ba wata. Da aka koma gida unguwa ta rarraba su amma ba su rabu ba, har yau 'ya'yansu muke yi, mu ne ma muke shirya azuma in ɗaya tana da buƙata babba, a dafa abinci a gayyato mata kowa ta ajiye abin da ya sawwaƙa a rubuta. Ba mu da takardar hukuma ko ɗaya kuma ba wanda zai ce mana ba ƙungiya ba ce.

Malam_Karami:
Ina bibiyar zancen. Tambaya ɗaya gare ni ga 'yar Pitoa, ƙungiyar taku tana ba da bashi da ƙari? In tana yi to a gyara kafin a zo maganar tarihi. Adashi na karɓa karɓa malamai da yawa sun halatta don abin da ka zuba shi kake ɗauka. Amma akwatin nan da ake ranta jaka goma a dawo da sha ɗaya, wannan riba ce ko da me aka kira ta.

Animatris_Mokolo:
Malam bari in yi bayani tunda aikina ne koyar da tsarin akwatin. Asalinsa ma daga ƙasar Hausa ya fito, ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara shi a yankin Maraɗi a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, kuma daga adashi aka ɗauko shi aka gyara. Mata 15 zuwa 30, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ta huɗu ke ajiye akwatin, ba a buɗewa sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Wajen shekara guda a fasa a raba. Bambancinsa da adashi shi ne ba sai kin jira kwasarki ba, in ɗanki ya kwanta yau za ki iya ranta yau. Maganar ƙari kuwa matan ne ke yanke wa kansu, kuma ƙungiyoyin musulmi da yawa da nake bi sun cire shi gaba ɗaya, sai su sayi buhun masara ko albasa lokacin kaka da kuɗin akwati su ajiye su sayar in ya yi tsada, ribar ciniki ke nan ba ta bashi ba.

Malam_Karami:
In haka ne madalla. Amma a kula da ɓoye abinci lokacin da mutane ke cikin tsanani, shi ma akwai magana a kansa.

Yar_Pitoa:
Malam namu ba ƙari, an taɓa gwadawa tsofaffin suka ƙi. Amma dan Allah mu dawo kan tambayar.

Tsohon_Ma'auni:
Zan dawo da ke. Na yi shekaru ina awon auduga a kasuwannin ƙauye don haka na ga yadda takardun nan suka shigo. SODECOTON, wato hukumar auduga, tun 1974 take, kuma da maza take hulɗa, sunan maigida ke kan takardar taki da iri, shi ke karɓar kuɗi ranar biya, alhali tsinkar audugar mata da yara ke yin mafi yawanta. Ƙungiyoyin manoman auduga su suka fara sanin rajista da sakatare da hatimi a ƙauyuka. Da aka shiga shekarun 90 abubuwa suka taɓarɓare, aka yanke albashin ma'aikata sau biyu a 1993, Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bankuna suna rufewa, magani da taki suka yi tsada, gwamnati ta janye hannu daga abubuwa da yawa, sai masu furoje, wato masu ayyukan tallafi, suka cika ƙauyuka kuma kowanne ya zo abu ɗaya yake tambaya, kuna da takarda? Ba takarda ba injin niƙa ba rijiya. Shi ya sa matan da suka shekara ashirin suna adashinsu suka je suka yi rajista, ba wai ranar suka san juna ba. To ga inda matsalar take, a lokacin da wuya ka samu mace a ƙauye mai rubuta faransanci, sai a ɗauko ɗan wani ko malamin lakwal a sa shi sakatare. Na ga ƙungiyar mata da duk masu sa hannu a banki maza ne. Uwar adashin da ta riƙe amanar mutane tun kafin a haifi yaron ta koma 'yar kallo, ana karanta mata abin da ke cikin asusunta da harshen da ba ta ji. Saboda haka in kin fara daga takarda, sunan da za ki fara rubutawa wataƙila ma ba na mace ba ne.

Yar_Pitoa:
Baba wallahi jikina ya yi sanyi. Yanzu na sake duba takardar, sakataren farko namiji ne, ƙanin mijin shugabar lokacin.

Maman_Biyu:
Hmmm injin niƙa. Mu ma an ba mu, shekara biyu ya yi aiki. Aka sa yaro namiji yana kula da shi, kuɗin man gazuwal daban kuɗin gyara daban kullum lissafi ba ya cika, da wani ƙarfe ya karye aka ce sai Garwa ko Najeriya, daga nan shiru. Yana nan a ɗaki kaji na ƙwai a kansa. Amma manyan tukwane biyu da tabarmi da farantai da muka saya da kuɗinmu muna ba da haya ranar biki, su har yau suna kawo kuɗi, don kowa ta san guminta ne a ciki, in aka dawo da faranti a fashe sai an biya.

Baban_Walid:
Ba duk furoje ne ya lalace ba fa. A garinmu rijiyar famfo da matan suka samu da takardarsu tana aiki, su ke karɓar kuɗin ruwa su ke gyara. Ba don rajista ba da ba su samu ba. Kuma yanzu ma ana ta cewa GIC su koma koperatif bisa dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wanda bai da takarda zai sha wuya nan gaba.

Hajiyar_Marwa:
Ba mu ce takarda ba ta da amfani ba ɗana. Cewa muka yi ba ita ta haife mu ba.

Yar_Lagdo:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ƙauyukan Binuwai ba Hausawa da Fulani kaɗai ba ne. Tun shekarun 70 gwamnati ta riƙa kawo mutane daga Arewa Mai Nisa su zauna su yi noma, Tupuri da Mafa da Mundang da Giziga, da aka gama madatsar Lagdo a 1982 kuma masunta suka zo daga ko'ina. A namu ƙauyen adashin farko na matan unguwar Hausawa ne zalla, sai da maganar rijiya da awon jarirai ta taso aka haɗu da matan sauran unguwanni, taron ma da Fillanci ake yi don shi kowa ke ji. An sha rigima kafin a daidaita. Wasu cikin matan kirista bilbil suke dafawa su sayar, tsofaffinmu suka ce ba za su kwashi adashin da kuɗin giya ya shiga ba. An kusa watsewa. Abin da aka yi shi ne adashi kowa ya yi da nasa, amma asusun rashin lafiya da aikin rijiya da gonar ƙungiya na kowa ne, su kuma suka yarda zubin asusun daga kuɗin gyaɗa ko masara za su kawo. Ranar da ambaliyar 2012 ta ci gidajen bakin ruwa a unguwarsu matanmu da yawa suka kwana da yaransu. Ki bincika ko naku ma ya bi ta irin wannan hanyar, don in haka ne ranar haɗuwar unguwannin ita ma mafari ce.

Dan_Gidar_77:
Yanzu mafari ya zama huɗu ke nan. Adashi, yunwa, takarda, haɗuwar unguwanni.

Maman_Biyu:
Ku bar batun zanen 8 Maris, ranar mata ta duniya, ne? Don wasu matan shi kaɗai suka sani a ƙungiya. Wata uku ana zubin zane a je Garwa a yi fareti a rana a dawo, shekara ta zagayo a sake.

Animatris_Mokolo:
Maman Biyu kar ki raina shi duka. Tun 1986 ake bikin a Kamaru, zamanin da Yaou Aïssatou take ministar harkokin mata, ita ma 'yar Arewa ce daga Tcheboa. Na san akwai ɓarnar kuɗi, na san akwai gidajen da ake faɗa saboda zanen. Amma na ga matan ƙauye da fitarsu ta farko zuwa gaban sufurfe, wakilin gwamnati a yankin, ke nan, daga nan suka san ƙofar ofishin da ake neman takardar haihuwar yara. Wata ƙungiya da nake bi sun daina sayen zanen kowa da kowa, mutum biyar ke saye su wakilce su, sauran kuɗin a yi wa yara takardar haihuwa don kar a hana su jarrabawar CEP ta gama firamare.

Maman_Biyu:
To wannan dabara ce, zan kai wa namu.

Yar_Kolofata:
Ina karantawa ina hawaye. Tamu ƙungiyar ba ta ƙauye ɗaya ba ce yanzu. Da Boko Haram suka matsa mana a 2014 da 2015 kowa ta kama gabanta, wasu Mora wasu Marwa wasu har Garwa. Kasuwar Banki da Amchide da muke sayo kaya ta mutu, aka hana hawa moto, taron mutane ma tsoro ake ji. Uwar adashinmu ta fito da kuɗin mutane ɗaure a ƙugunta, ba ta ɗauki ko zanen canji ba, ta yi wata da watanni tana cigiyar masu shi ɗaya bayan ɗaya tana ba kowa nata, biyu sun rasu ta nemi 'ya'yansu ta ba su. Kayen da muke rubutu ya ƙone da gidan, da ka ta yi lissafin kuma ba wadda ta ce an rage mata dala. Yanzu ta waya muke zubi, Orange Money, muna garuruwa huɗu. Ni ba ruwana da wace shekara za ki sa, ki dai tabbata sunan irin waɗannan matan ya shiga.

Ummu_Hafsa:
Allahu akbar. Allah ya saka mata da Aljanna, ya mayar da ku gida lafiya.

Malam_Karami:
Amin. Wannan ita ce amana.

Mai_Kuli_Garwa:
Amin ya Rabbi. Amma zubin waya ni ina da ƙorafi a kansa. Ga kuɗin cirewa ga harajin da aka ƙara tun 2022, kuma mace ta tura kuɗi ta ce ta gama, ba ta zo ta zauna ba, ba ta ji wa ke ciwo ba wa aka saka ba. Da a wurin zama ake gane wadda mijinta ya daina cefane ko ba ta faɗa ba, daga yadda take juya kuɗin a hannu kafin ta ajiye. Su Yar Kolofata dole ce ta sa su, amma mu da muke gari ɗaya lalaci ne kawai. Kuma kunya ta ragu, wadda ta kwashe ta gudu a da ina za ta je, kowa ya san uwarta, yanzu sai ta kashe waya.

Bint_Njamena:
Gudu da kuɗi ba yau aka fara ba Adda, mamata tana ba da labarin wadda ta kwashi na farko ta bi mota zuwa Abeche tun kafin waya. Shi ya sa baƙuwa ba a ba ta kwasar farko, sai ƙarshe, ko wata ta tsaya mata.

Yar_Pitoa:
Na dawo daga ƙauye jiya, na zauna da Gwaggo da wasu tsofaffi uku na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Sun tabbatar da maganar tafin hatsi, sun ce su ma sun yi a yunwar 85, kuma abu na farko da suka saya da kuɗin kowa da kowa farin yadi ne na likkafani da suke ajiyewa saboda wata baƙuwa da ta rasu a garin ba ta da kowa, sai babbar tukunya daga baya. Sun lissafo min uwayen adashi huɗu a jere kafin shugabar da ke kan takarda, ta farkon ungozoma ce. Maganar Yar Lagdo ma haka ne, matan unguwar Gidar da Fali sun shigo ne lokacin gonar ƙungiya. Amma ga sabuwar rigima, tsofaffin sun rabu biyu kan wace ce ta farko, gida biyu kowanne ya ce kakarsa ce, kuma jikokin duka suna cikin ƙungiyar yanzu, ɗaya ma tana neman shugabanci. Sakatariya kuma ta ce ka ga abin da take gudu ke nan, takarda ba ta da jikoki.

Baban_Walid:
Kin gani ko. Ni dai har yanzu ina kan bakana, a saman takarda ki sa shekarar rajista, sauran ki sa a matsayin abin da ya gabata.

Hajiyar_Marwa:
A'a. Ki sa su duka biyun 'yata, ki ce a zamaninsu aka fara, kar ki ce wance ta riga wance. Kuma kar ki karanta a gaban taro sai kin bi gidajen biyu kin karanta musu tukuna, ki tafi da goro.

Tsohon_Ma'auni:
Ki ɗauki muryarsu a waya kafin ki rubuta komai, kowacce ita kaɗai ba a gaban sauran ba, in suna tare ƙarama ba za ta musa wa babba ba. Kuma ki tambayi matan unguwar Gidar da Fali su ma, ƙila suna da nasu taron tun kafin su haɗu da naku, su ma da nasu kakannin.

Yar_Lagdo:
Tabbas suna da shi, gayyar noma da ta girbi ba su taɓa rabuwa da ita ba. In kin tsallake su za su ce tarihin unguwar Hausawa kika rubuta.

Yar_Pitoa:
To zan koma ranar Lahadi bayan kasuwa in sha Allah. Akwai wadda ke jin Gidar a nan ta raka ni? Tsofaffinsu biyu Fillancinsu ba ya nisa, kuma ba na so in sa jikokinsu su yi min tafinta tunda su ma suna da ɓangare a zaɓen.

Dan_Gidar_77:
Matata tana ji, 'yar can ce. Ki yi min magana ta gefe mu shirya, amma sai bayan azahar don da safe tana kasuwa.